Yadda Ake Sauraron Waƙoƙin Wasan Kwaikwayo Har A Ji Labarin Da Ke Cikinsu

Akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da ya kafu sosai a New York da Landan, wanda 'yan wasa suke magana a cikinsa kamar yadda aka saba a kan dandamali, amma da zarar zance ya kai inda baki kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba sai su ɗora da waƙa, makaɗa suna biye da su daga wani wuri mai zurfi da aka tanadar musu a gaban dandamalin. A New York manyan wasannin ana yin su ne a gidajen wasa 41 waɗanda ake kira Broadway a dunƙule, kowannensu yana ɗaukar 'yan kallo 500 ko fiye, a Landan kuwa unguwar West End ce matattararsu. Ina matuƙar ƙaunar waɗannan waƙoƙi, kuma dalilin ƙaunar shi ne labarin da suke ɗauke da shi, domin a wannan fanni waƙa ita ce wurin da mutum yake yanke shawara, ko ya yi furucin da ya daɗe yana ɓoyewa, ko ya gane gaskiyar da za ta sauya rayuwarsa. Da yawa daga cikinmu ba za su sami halin zuwa waɗancan gidaje ba, amma waya da abin sauraro na kunne da ɗan natsuwa sun wadatar, matuƙar mutum ya san yadda zai saurara.

Kunnen Bahaushe ya riga ya sami horon da ake bukata tun daga ɗakin kaka. A tatsuniya, idan kishiyar uwa ta aiki marainiya rafi, waƙa yarinyar take yi ta faɗi halin da take ciki, kuma sau da yawa tsuntsu ne yake tona asirin da mutane suka rufe, da waƙa yake tona shi, yana maimaita ta har sai wanda ya kamata ya ji ya ji. Wanda ya cire waƙar ya rushe tatsuniyar. Haka ma wasannin tashe da yara suke yi idan azumi ya kai goma, waƙa da amshi da kwaikwayo duk a haɗe suke tafiya. Sai dai kuma mun tashi da wata al'ada ta daban daga finafinan Indiya da namu na gida, inda sau da yawa waƙa takan zama hutu: a tsayar da labari, a sauya tufafi da wuri, a yi rawa, sannan a dawo inda aka tsaya. Wannan salo yana da nasa daɗi da nasa masoya, amma shi ne ya sa wasu suke tsallake waƙa su ci gaba da kallo. Wanda ya zo wa wasannin da nake magana a kansu da wannan hali zai tsallake labarin ne ɗungurungum.

Su ma Amurkawa ba da haka suka fara ba. A farkon ƙarni na 20 yawancin wasanninsu tarin waƙoƙi ne da raye-raye da barkwanci, aka ɗinke su da siririn labari. Wasan Show Boat na shekarar 1927 ya nuna cewa ana iya ɗora labari mai nauyi, har da batun wariyar launin fata, a kan waƙoƙi. Sannan a 1943 Richard Rodgers mai tsara kiɗa da Oscar Hammerstein mai rubuta baitoci suka fito da Oklahoma!, wanda maimakon ya buɗe da dandazon 'yan rawa kamar yadda aka saba, sai labule ya buɗe a kan wata dattijuwa tana kaɗa nono, ana jiyo muryar wani makiyayi yana tahowa yana waƙa shi kaɗai. An yi wasan sau 2,212 a jere a Broadway, kuma daga lokacin marubuta suka riƙa ɗaukar cewa dole kowace waƙa ta fito daga bakin wani mutum takamaimai a wani hali takamaimai.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka zaɓi wasa guda ɗaya ka tsaya a kansa, kada ka fara da jerin fitattun waƙoƙin da wani ya tattaro daga wasanni daban-daban. Kafin ka kunna komai, ka karanta taƙaitaccen labarin wasan tun daga farko har ƙarshe, ka riƙe sunayen manyan mutanen ciki da dangantakarsu. Wasu suna ganin sanin ƙarshen labari yana rage armashi, ni kuwa ina ganin a nan ƙara shi yake yi, saboda wanda ya san inda mutum zai ƙare shi ne yake jin nauyin burin da mutumin yake faɗa tun da fari. Bayan haka ka nemi kundin waƙoƙin da 'yan wasan farko suka ɗauka, ka sauke shi gaba ɗaya lokacin da data ta yi sauƙi, ka kashe tsarin da yake cakuɗa waƙoƙi, ka saurare su bi da bi yadda aka jera su. Yawancin wasannin kashi biyu ne da hutu a tsakani, don haka babu laifi ka ji kashi na ɗaya yau, na biyu gobe. Idan Turancin yana yi maka gudu, ka buɗe rubutattun baitocin a gabanka a saurare na biyu, amma na farko ka bar shi ga kunne kaɗai, domin ɗan kallo a gidan wasa ba ya da takarda a hannu. Stephen Sondheim, wanda Hammerstein ya rena a wannan sana'a kuma ya rasu a 2021, ya sha nanata cewa bambancin baitin dandamali da rubutacciyar waƙa shi ne mai sauraro sau ɗaya yake jin baitin yana wucewa da gudun kiɗa, ba shi da damar komawa baya, shi ya sa gwanayen fannin suke sauƙaƙa kalmominsu.

Da ka kunna waƙa, tambayoyin da za ka riƙe a zuciya su ne wa yake yin ta, wa yake yi wa, me yake so, kuma me ya sauya tsakanin farkonta da ƙarshenta. Tambayar ƙarshe ta fi sauran muhimmanci, kuma babu misalin da ya fi bayyana ta kamar wata doguwar waƙa a wasan Carousel na 1945. Jarumin, Billy, mutum ne mai zafin kai, ya rasa aikinsa, ga shi da sabon aure, sai matarsa ta sanar da shi tana da juna biyu. Aka bar shi shi kaɗai a dandamali yana waƙa ta fiye da minti bakwai. Ya fara da alfahari, yana siffanta ɗan da za a haifa masa, namiji mai ƙarfi wanda ba wanda zai taka shi, kiɗan ma yana tafiya da taƙama. Can tsakiya sai tunani ya faɗo masa cewa mai yiwuwa mace ce. Nan take kiɗan ya yi sanyi, muryarsa ta yi laushi, ya shiga tunanin abin da 'ya mace take bukata a wurin uba da irin uban da shi yake, wanda ba shi da ko sisi. Kafin waƙar ta ƙare ya riga ya ƙudurta zai samo kuɗi ta kowace hanya, ko da sata ce, kuma wannan ƙuduri shi ne ya kai shi ga fashin da ya zama ajalinsa. Babu wanda ya zuga shi a cikin mintunan nan, babu abin da ya faru a waje, dukan abin a cikin kansa ya gudana, kuma mun bi shi taki bayan taki. Idan ka saurari irin wannan waƙa, ka yi ƙoƙarin gano daidai wurin da ta juya, ka tsayar, ka koma baya kaɗan, ka ji abin da makaɗa suka yi a wannan gaɓa. Kusan kullum za ka tarar sun sauya gudu, ko sun ɗaga murya, ko sun yi tsit na ɗan lokaci.

Ka ba waƙar buɗe wasa kulawa ta musamman, domin ita take gaya maka duniyar da ka shigo da dokokinta. Wasan Fiddler on the Roof na 1964 labarin wani Bayahude ne mai sayar da madara, Tevye, da 'ya'yansa mata biyar a wani ƙauye ƙarƙashin daular Rasha a 1905. Lokacin da ake shirya shi, mai ba da umarni Jerome Robbins ya dinga tambayar marubutan a kan me wasan yake magana, suna ba shi amsar cewa labarin mai madara ne da 'ya'yansa, yana ƙin karɓa, har sai da suka gane cewa jigon shi ne rushewar wata tsohuwar hanyar rayuwa. Daga nan aka rubuta waƙar buɗewa, wadda a cikinta iyaye maza da iyaye mata da samari da 'yan mata kowane rukuni yake fitowa ya faɗi aikin da al'ada ta ɗora masa. Duk abin da ya biyo baya warwarewar wannan tsari ne, zare bayan zare: 'yar Tevye ta fari ta ƙi attajirin mahaucin da aka zaɓa mata ta auri talakan tela, ta biyu ta bi ɗalibi mai ra'ayin juyin juya hali har Saiberiya, ta uku ta auri wanda ba addininsu ɗaya ba, a nan uban ya kasa lanƙwasawa. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da uba yake ji idan 'ya ta zo masa da zaɓinta, shi ya sa nake ba da shawarar a fara da wannan wasa.

Jim kaɗan bayan buɗewa, galibi waƙa ta biyu ko ta uku, tauraron wasan yakan tsaya ya faɗi abin da ransa yake so. Ka riƙe wannan buri da kyau, saboda da shi za ka auna sauran labarin, ko ya samu, ko ya rasa, ko ya samu ya tarar ba shi ne abin da yake bukata ba.

Daga nan sai ka koyi jin tazarar da ke tsakanin abin da baki yake faɗa da abin da kiɗa yake faɗa, kuma a nan ne daɗin fannin yake a wurina. Hammerstein yana da wata dabara da ya maimaita a wasanni da dama: saurayi da budurwa da ba su daɗe da haɗuwa ba, kunya da girman kai ba za su bar su su furta so ba, sai ya sa su yi waƙar “da a ce”. Kowannensu yana bayanin yadda zai kasance da a ce yana son ɗayan, yana kuma jaddada cewa ai ba ya so, alhali karin waƙar yana ta hauhawa yana ƙaryata su. Mu da muka san kara da alkunya, muka san matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, mun fi kowa sanin cewa abin da aka ƙi faɗa yakan fi wanda aka faɗa nauyi. A wasan mai madara akwai wata gajeriyar waƙa da take taɓa ni fiye da manyan waƙoƙin soyayya. Bayan Tevye ya amince wa 'yarsa ta biyu, sai ya juya ga matarsa Golde, wadda bai taɓa gani ba sai ranar aurensu, ya tambaye ta ko tana sonsa. Ita kuwa ta ɗauki tambayar shirme, ta shiga lissafa masa shekara 25 na wanki da girki da haihuwa da tatsar saniya. Ya sake tambaya, ta sake kaucewa. Amsar da ta bayar a ƙarshe a takure take, kamar an ƙwace ta daga bakinta, amma kiɗan da ke ƙarƙashinta ya riga ya yi laushi tun kafin ta yarda. Idan kana sauraro, ka gwada bin kayan kiɗan kaɗai sau ɗaya, ka manta da kalmomin, ka tambayi kanka abin da goge da sarewa suke cewa.

Babban darasi kuma shi ne lura da karin waƙar da ya dawo. Marubutan wannan fanni sukan ɗauki karin da ka ji a kashi na ɗaya su maido shi can gaba a bakin wani mutum ko a wani hali, kuma ma'anar tana cikin bambancin. Wasan da ya fi dacewa da koyon wannan shi ne Les Misérables, wanda Claude-Michel Schönberg da Alain Boublil suka gina a kan littafin Victor Hugo na 1862, aka fara yin sa da Faransanci a Faris a 1980, sannan da Turanci a Landan a 1985. Kusan babu magana a cikinsa, waƙa ce tun daga farko har ƙarshe, don haka cikakken kundinsa shi ne wasan baki ɗaya. Jean Valjean ya yi shekara 19 a kurkuku, asalin laifinsa satar burodi. Da ya fito kowa ya guje shi sai wani limamin coci da ya ba shi masauki, shi kuma ya sace masa kayan azurfa cikin dare. Da 'yan sanda suka kamo shi, limamin ya ce kyauta ya ba shi, ya ƙara masa da wasu ma. Valjean ya tsaya shi kaɗai yana waƙa cikin ruɗani, kalmomi suna rige-rigen fita, yana tambayar kansa abin da ya zama, a ƙarshe ya yayyaga takardar shaidar fursuna ya fara sabuwar rayuwa. Shekaru da yawa bayan haka, a lokacin boren Faris na 1832, ɗan sanda Javert wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar Valjean ya faɗa hannunsa, Valjean kuma ya sake shi bai kashe shi ba. Javert ya tsaya a kan gadar kogin Seine yana waƙa, kuma karin da yake bi shi ne ainihin karin da Valjean ya bi a wancan dare. Mutum biyu, kowanne an yi masa rahamar da bai zata ba, kiɗa ɗaya, amma na farko ya karɓe ta ya rayu, na biyu ya kasa zama a duniyar da tsohon ɓarawo zai zama mai jinƙai, ya faɗa ruwa. Babu ɗan wasan da ya fito ya yi wannan sharhi da baki, an bar wa kunnenka ne ya haɗa su. A wasan dai, karin da wata matalauciya mai suna Fantine take bi tana gargarar mutuwa tana kiran 'yarta shi ne ya dawo a bakin wata budurwa, Éponine, tana yawo cikin dare da son wanda bai san tana yi ba, kuma karin limamin nan shi ne Marius, ɗaya daga cikin matasan boren, ya ɗauka yana makokin abokansa da aka kashe. Dabarar da za ta taimake ka ita ce duk lokacin da wani kari ya yi maka kama da wanda ka taɓa ji, ka tsaya ka nemo inda ka fara jin sa, ka rubuta wa ya yi shi a can da wa ya yi shi a nan. Saurare na uku ko na huɗu ne yakan buɗe wannan ƙofa, don haka kada ka yi gaggawar barin wasa ka koma wani.

Ka kuma lura da irin kiɗan da aka ba kowane mutum. A wasan Hamilton na 2015, wanda Lin-Manuel Miranda ya rubuta a kan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, matasan da ke neman 'yanci da salon gambarar zamani suke magana, kalmomi suna zuba da gudu, shi kuwa Sarkin Ingila an ba shi waƙa mai sanyi irin ta mawaƙan Birtaniya na shekarun 1960. Tun kafin ka fahimci kalma ɗaya ka san wane ne yake sauri da wane ne yake zaune a kan gadon sarauta.

Sai bayan ka san waƙoƙin da kunne ya kamata ka nemi kallo. An mayar da wasan mai madara fim a 1971, Les Misérables a 2012 inda 'yan wasan suka rera waƙoƙin kai tsaye a gaban kyamara, sannan an ɗauki Hamilton a kan dandamalinsa da 'yan wasan farko aka sake shi a 2020. Kallon zai nuna maka abin da kundi ba ya nunawa, wato wa yake tsaye a gefe yana ji, wa ya juya baya, wa aka yi wa waƙar alhali ba ya wurin. Bayan haka ka ɗauki waƙa ɗaya da ta kama ka, ka saurare ta a bakin mutum uku da suka taka wannan rawa a lokuta daban-daban. Za ka ji wani ya yi ta da fushi, wani da nadama, kalmomi da kari ba su sauya ba. Hausawa suna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a wannan fanni mai waƙar shi ne mutumin cikin labari, saboda haka ɗan wasan da ya fi zama shi, ko da muryarsa ba ta kai ta wasu zaƙi ba, shi ne ya fi iya ta. Ni nakan fifita wanda muryarsa ta karye a inda ya kamata ta karye a kan wanda ya ja dogon numfashi don a tafa masa.

Gwajin da zai tabbatar maka ka ji wasa shi ne ka zaunar da wani wanda bai san shi ba, ƙaninka ko abokinka, ka ba shi labarin da Hausa, idan ka zo gaɓar waƙa ka kunna masa ita bayan ka gaya masa wa zai yi ta da halin da yake ciki. Inda ka kasa bayyana dalilin da ya sa aka yi waƙa a wannan wuri, can ne sauraronka bai kammala ba, sai ka koma. Malaman da ke kula da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantu za su iya yin irin wannan da tatsuniyar da ɗalibai suka sani: a nemo wurin da jaruma za ta yanke shawara mafi wuya, a sa ta fara waƙa tana kan ra'ayi ɗaya ta gama tana kan wani, 'yan amshi su zama mutanen gari, sannan a maido karin a fitowa ta ƙarshe a bakin wanda ya zalunce ta.

Idan ka gama da waɗannan, ka juyo Afirka. Mbongeni Ngema ya fito da Sarafina! a Johannesburg a 1987, labarin ɗaliban Soweto da boren 1976, ya kai shi Broadway a 1988, kuma a cikinsa za ka ji yadda taron muryoyi yake ɗaukar matsayin tauraro guda. Wasan Fela!, a kan rayuwar Fela Kuti, ya hau Broadway a 2009 kuma an kawo shi Legas a 2011. Shi akasin sauran ne, domin waƙoƙin sun riga labarin wanzuwa, aka gina wasan a kewayensu, don haka tambayar da za ka riƙe a nan ita ce me ya sa aka ajiye kowace waƙa a inda aka ajiye ta, kuma wane abu ne a rayuwar mutumin aka sa ta ta ɗauka.